Rubutu mai jela a katin gayyata: a ba shi sunaye kawai

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya rubuta katin gayyata tun daga sama har ƙasa da salon rubutun nan mai kama da na alƙalami, mai jela da kwane-kwane, tunda ya burge ki. Ni dai ban ba ki goyon baya ba. Ki ba shi sunaye da kan katin, amma rana da lokaci da adireshi su sami salo miƙaƙƙe wanda ido zai ɗauka nan take.

Na daɗe ina tsara katuna da tambarin kaya, kuma abin da ya fi sa a dawo da aiki shi ne siraran layukan nan. Asalin salon rubutun hannu ne na magatakardan Ingila a ƙarni na 17 da na 18. In za a ja alƙalami ƙasa sai a danna, bakinsa ya buɗe, layin ya yi kauri. In za a yi sama a sassauta, ya fito siriri kamar silin gashi. Daga rubutun hannun ɗaya daga cikin magatakardan nan, Charles Snell, mai zana haruffa Matthew Carter ya samo salon da ake kira Snell Roundhand. A fuskar kwamfuta sirantar nan gwanin sha'awa, amma ki rage girman harafin ki buga a takarda mai shan tawada, ko fari a kan baƙi, sai ki tarar “e” ta koma “c”, mahaɗin haruffa ya ɓace. Wajen yankan sitika ma abin ya fi muni, yana tsinkewa tun ana ɓarewa.

Kada ki kuskura ki rubuta kalma da manyan haruffa zalla. An zana kowane babban harafi ne don ya buɗe kalma, in kika jera su sai jelolin su sarƙe. Haka tazara, kada ki ƙara ta tsakanin haruffa, don a manne aka yi su. Tsakanin layi da layi ne ake sakin wuri, musamman salon Zapfino na mai zana haruffa Hermann Zapf da ya fito a 1998, wanda dogayen haruffansa ke hawa kan layin sama ba sallama.

Wani abin da ake mantawa: yawancin salon rubutu masu jela ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Manhaja za ta aro daga wani salon, harafi ɗaya ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar suna. Ki fara gwada sunayen kafin ki zaɓa.

In kyauta kike nema, salon Great Vibes na Google Fonts (rumbun salon rubutu na Google a intanet) ya wadatar, kuma lasisinsa ya yarda a yi aikin kuɗi da shi. Kafin a buga da yawa, ki fitar da guda ɗaya a ainihin girmansa, ki miƙa wa wanda bai san sunayen ba ya karanta miki.