Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Kiyaye Ƙwaƙwalwa da Laka a Tiyatar Babbar Jijiyar Jini

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano: Likita, an gano babbar jijiyar jinin mahaifinmu ta kumbura tun daga ƙirji har zuwa ciki, kuma an ce aikin gyaranta na iya shanye masa ƙafafu. Me ya haɗa jijiyar jini da ƙafafu?

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan jijiya, wadda likitoci ke kira awota, ita ce ke ɗauko jini daga zuciya ta raba wa jiki, kuma daga bayanta ne wasu ƙananan rassa ke fita ta tsakanin haƙarƙari su ciyar da lakar da ke cikin ƙashin baya. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne reshen Adamkiewicz, wanda galibi yake fitowa ta hagu a ƙasan ƙirji. Idan likitan tiyata ya datse awota domin ya ɗinka robar da za ta maye gurbin wurin da ya kumbura, jinin da ke zuwa laka yakan ragu, kuma ɓangarenta na gaba, inda hanyoyin motsa ƙafafu suke, ba ya jure rashin jini na dogon lokaci.

Saboda haka ne ake gwada lakar a kai a kai yayin da majinyaci ke cikin barcin tiyata. Ana manna wayoyi a fatar kai, a aika ɗan lantarki zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, sannan a duba ko saƙon ya isa tsokokin ƙafa. Idan amsar ƙafa ta yi rauni ko ta ɓace alhali ta hannu tana nan daram, akan yi zargin matsalar daga laka take, kuma hakan yakan bayyana cikin 'yan mintuna. Nan take likitan sa barci zai ɗaga ƙarfin bugun jini, likitan tiyata kuma ya sake dasa rassan da aka raba da jijiyar, a kuma rage ruwan da ke kewaye da laka ta wani siririn bututu da aka sa a gadon baya tun kafin a fara aiki. A binciken da Dakta Joseph Coselli da abokan aikinsa na birnin Houston a Amurka suka wallafa a 2002, shanyewa ko raunin ƙafafu ya samu kashi 13 cikin ɗari na waɗanda ba a rage wa ruwan ba, amma kashi 2.6 kawai na waɗanda aka rage wa. Ina ba ki shawara ki tambayi asibitin kai tsaye ko suna yin wannan gwajin laka, da wanda zai zauna a gaban na'urar har a gama, domin amfaninta duka yana ga saurin ɗaukar mataki.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya a Maraɗi: Na ga ana sa wa jijiyar da ke kai saƙo a idon sawu lantarki a karanta amsar a fatar kai. Wannan bai wadatar ba?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan gwaji yana bin hanyar ji ne, wadda ke ɓangaren baya na laka, kuma jijiyoyin da ke ciyar da ɓangaren baya daban suke da ta gaba. Ana iya samun sakamako mai kyau a can alhali hanyar motsi ta riga ta lalace, shi ya sa ake haɗa gwaje-gwajen biyu. Ka kuma lura cewa iskar sa barci da magungunan sakin tsoka suna danne amsar motsi, don haka akan fi amfani da maganin barci ta jijiya irin su furofofol, a kuma sa abin kariya a baki don kada majinyaci ya ciji harshensa.

Tambaya daga wani magidanci a Zariya: Da gaske ne ana tsayar da jini gaba ɗaya a wasu ayyukan? Ƙwaƙwalwa ba za ta mutu ba?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, idan gyaran ya shafi lanƙwasar awota, inda jijiyoyin da ke zuwa kai suke fitowa. Ana haɗa majinyaci da injin da ke aikin zuciya da huhu, a sanyaya jikinsa zuwa wajen digiri 18, saboda sanyi yana rage buƙatar iskar oksijin ga ƙwaƙwalwa ƙwarai. Dakta Randall Griepp, likitan tiyatar zuciya a Amurka, shi ne ya bayyana amfani da wannan dabara wajen sauya lanƙwasar a 1975. Na'urar da ke karanta lantarkin ƙwaƙwalwa tana nuna lokacin da aikinta ya lafa sarai, alamar sanyin ya isa, wata kuma da ake mannawa a goshi tana auna oksijin na dama da hagu ta hanyar haske. Kimanin minti 30 ake ɗauka a matsayin lokacin da ke da sauƙin haɗari, kuma idan ya wuce 40 haɗarin yakan ƙaru, abin da ya sa cibiyoyi da yawa yanzu suke ci gaba da tura jini zuwa kai ta jijiyar hammatar dama yayin da sauran jiki ke tsaye. Waɗannan matakai suna rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma ba su kawar da shi ba.

Tambaya daga wata mai jinyar mijinta: Idan ya farka yana motsa ƙafafu, an tsira ke nan?

Amsa: Alama ce mai kyau, Hajiya, sai dai rauni yakan iya bayyana bayan awanni ko kwanaki, musamman idan ƙarfin jini ya faɗi. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke sa shi ɗaga ƙafa kusan kowace awa a farko, ko da yana jin barci. Idan kika ga ƙafa ta yi masa nauyi ko ya daina jinta, ki kira su nan take ko da tsakar dare ne, domin ɗaga ƙarfin jini da rage ruwan laka da wuri sukan dawo da motsin.