Amsa ga ɗan'uwan da ke son kai iyalinsa aikin zuciya a Tunis

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba iyalinka lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce kuna Tawa, an yi mata hoton zuciya a Yamai an ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyar da jini ke bi ta lalace sai an yi aiki, shekarunta ba su wuce 30 ba, kuma an haɗa ka da wani mutum mai kai marasa lafiya kilinik a Tunis, yana neman ka fara tura rabin kuɗi. Na raka ƙanwata irin wannan aikin a can, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba. Kada ka tura ko dala tukuna. Akwai abubuwan da za ka gama da su nan gida kafin maganar jirgi, akwai kuma waɗanda ke jiran ku bayan kun dawo, kuma su ne suka fi aikin kansa nauyi.

Ka koma wurin likitan zuciyar da ya duba ta, ka zauna da shi ba cikin gaggawa ba. Ka tambaye shi wace ƙofa ce, kuma ƙuntata ta yi ko yoyo take. A wajen matasan matanmu yawanci ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi masa magani yadda ya kamata ba, ya koma ya ci ƙofar zuciya a hankali, sai an yi ciki ko an haihu numfashi ya fara gagara. In ƙuntata ce kawai kuma ƙofar ba ta sandare ba, akwai hanyar da ake bi ta jijiyar cinya a buɗa ta da ɗan balan-balan, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Kuɗin wannan da jinyarsa ba su kusa da na babban aiki. Likita ne zai ce ta dace da shi ko ba ta dace ba, mai kai mutane ba shi da ta cewa a nan. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko aikin zai yiwu a gida, tunda tun 2016 muna da babban asibitin Référence a Yamai. In ya ce sai waje, ya rubuta maka cikakken bayani da hannunsa da hatiminsa. Duk gwajin jinin da za a iya yi nan a yi shi nan, balle tun 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin gwaje-gwaje a asibitocinta. Ku je wurin likitan haƙori ma. Ba a sa wa mutum sabuwar ƙofa yana da ruɓaɓɓen haƙori, don ƙwayoyin cuta na iya bin jini su sauka a kanta. Mun tarar da wani dattijo a can da aka ɗage masa aiki saboda haƙori biyu, yana ta biyan kuɗin masauki yana jira.

Shi mutumin da aka haɗa ka da shi, ban ce macuci ne ba. Akwai na kirki a cikinsu, suna tarbar mutum a filin jirgi, su samar masa ɗaki, su yi masa tafinta. Amma ka san cewa kamasho yake ci, kuma kilinik ɗin da ke ba shi kaso mai tsoka can zai kai ka, ko da wani wurin ya fi ƙwarewa a ciwon iyalinka. Ka tura takardunta da kanka zuwa kilinik biyu ko uku, ko likitanku ya tura wa abokin aikinsa da ya sani. Ka nemi sunan likitan da zai riƙe wuƙa, ba sunan gini kawai ba. Kuɗin aiki kuwa asusun kilinik ake tura shi da rasit, ba lambar wayar wani ba. Wanda ya hana ka magana da asibitin kai tsaye, ka rabu da shi.

Sai maganar dibi, wato takardar ƙiyasin kuɗi da za su turo maka. Nan ne mutanenmu suka fi shan wuya. Dibi yana lissafa aikin da ya tafi lami lafiya ne: kwana kaza a ɗakin farfaɗowa, kwana kaza a ɗakin jinya, kuɗin likita, kuɗin ƙofar. Jikin mutum kuwa ba ya bin takarda. Ƙanwata ta yi zazzaɓi bayan aiki, ruwa ya taru mata a gefen huhu, aka ƙara mata kwanaki a ɗakin farfaɗowa, wanda shi ne ɗaki mafi tsada a gidan. Ranar sallama aka kira ni ofishin kuɗi, matar ta juyo min da takardar ta bi layi-layi da bakin alƙalami: ledar jini, hoton ƙirji na kowace safiya, allurar kashe ƙwayoyin cuta, har safar da ake sa wa majinyaci don kada jini ya daskare a ƙafa. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, duk an yi mata su a gabana, sai dai babu su a dibin farko. Da ba mu bar wani abu a hannun yayanmu a Yamai ba, da mun ji kunya a ƙasar mutane. Saboda haka ka sa su rubuta maka kuɗin kowane daren da zai ƙaru, da abin da ba ya cikin lissafi, sannan ka tanadi wani kaso mai kauri a gefe wanda ba ka taɓa shi.

Da yuro za ka yi lissafi, yuro ɗaya kusan sefa 656 yake, wato yuro dubu ya kama jika 656 kusan. Sefarmu ba ta da kasuwa a can, ka canza tun daga gida. In ka sauka filin jirgin Tunis da kuɗi masu yawa a hannu ka bayyana su ga ma'aikatan kwastan, kuma duk inda ka canza zuwa dinari ka adana rasit, don ba a fita da dinarin Tunisiya daga ƙasar, kuma da rasit ɗin ne za a maida maka ragowar. Tikitin dawowa ka sayi wanda ake iya canza masa rana. Bayan an tsaga ƙirji ba a hawa jirgi sai an yi aƙalla kwana goma zuwa sati biyu, kuma sai likita ya sa hannu.

Gaskiya kulawar da muka samu ba ta da laifi. Wuri tsaf, ma'aikatan jinya na zuwa da an danna ƙararrawa, likitan ya zana mana zuciya a takarda ya nuna inda zai taɓa. Amma duk da faransanci da larabci ake yi. Ƙanwata ba ta yi lakkwal mai zurfi ba, ranar da ta farfaɗo da bututu a baki tana neman wanda zai ce mata sannu da Hausa, ni kuma minti kaɗan ake bari in shiga. Ka shirya iyalinka tun yanzu, ka faɗa mata za ta farka hannuwanta da allurai, ƙirji da bututu, kuma haka ake yi wa kowa. In da hali ku tafi da mace 'yar'uwarta, akwai hidimar da ta fi sakin jiki da mace. In tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu ku ɗauki kayan sanyi na gaske, sanyinsu da ruwan sama yake zuwa. Mu mun tafi da garin gero da 'yar kuka, kunun da nake dama mata a masauki shi ya fara zama a cikinta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne zaɓen ƙofar, in har canzawa za a yi. Iri biyu ne. Akwai ta ƙarfe, tana daɗewa ƙwarai, da wuya a sake aiki saboda ta tsufa, amma mai ita zai sha maganin tsinka jini kullum har ƙarshen rayuwa, wanda aka fi sani da Sintrom. Akwai ta nama, da ake yi daga jikin saniya ko alade, ba sai an sha wannan maganin har ƙarshen rayuwa ba, sai dai takan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matashi ta fi saurin gajiya, ka ga akwai aiki na biyu a gaba ke nan. Ka tambayi daga wace dabba aka yi ta, in kana da shakka ka ji ta bakin malami tun kana gida. Ga mace mai shekara 30 maganar ta shafi haihuwa kai tsaye, domin Sintrom na iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko, kuma ciki da ƙofar ƙarfe ciki ne mai haɗari da ke son likita a kusa koyaushe. Wannan ba shawarar da za ka yanke kai kaɗai a bakin ɗakin tiyata ba ce. Ku zauna kai da ita da likitanku na Yamai, ta faɗi abin da ke ranta, jikinta ne. Ƙanwata ta ƙarfe aka sa mata, da dare in gida ya yi tsit ana jin ƙararta kamar agogon hannu, ta saba har ba ta kula.

Mai shan Sintrom sai da awon jini da ake kira INR, da farko a kai a kai, in ya daidaita kamar sau ɗaya a wata. In jinin ya yi kauri zai daskare a kan ƙofar ya jawo shanyewar ɓarin jiki, in ya tsinke da yawa sai zubar jini. To kafin ku zaɓi ta ƙarfe, ka taka da ƙafarka zuwa babban asibitin Tawa da dakunan gwajin garin ka tabbatar ana yin wannan awon, ka kuma tambayi masu sayar da magani ko Sintrom ba ya yanke musu. Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ba tafiyar da za a riƙa yi kowane wata da mai ciwon zuciya ba ce. Likitan Tunis zai amsa maka saƙo a watan farko, daga baya ya shiga hidimar wasu, wanda zai riƙa kallon sakamakon ya ce a ƙara ko a rage kwata ɗin ƙwaya na gida ne. Kada ka ɓata da shi don ka samu na waje.

Abinci ma ya shiga ciki. Zogale, rama, alayyahu, kabeji, duk ganyen nan suna rage ƙarfin maganin. Ba a hana ta ci ba, amma kada ta ci kwano guda na kwaɗon zogale yau sannan ta yi sati biyu ba ta taɓa ba, a riƙa ci daidai wa daida. Maganin ciwon jiki na 'yan talla, su diclofenac da ibuprofen da asfirin, ta yi nesa da su sai in likita ya rubuta, haka jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya za su yi ta kawowa da kyakkyawar niyya. Jini a dasashi, haɓo da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, ko al'ada da ta wuce ƙima, ba a kwana da su a gida. Ƙashin ƙirji kuma yana ɗaukar sati shida zuwa takwas kafin ya haɗe, ba daka, ba jan guga, ba goyo. Ka nemo wadda za ta riƙe mata gida tun kafin ku tashi.

Kada ku baro kilinik sai da rahoton aikin a rubuce, da katin ƙofar mai lambarta da girmanta, da hoton zuciya na ƙarshe, da takardar magani mai ɗauke da ainihin sunan kowane magani, don sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Na ga wasu sun ce maka Indiya ta fi. Suna da ƙwararru sosai, amma sai da biza ta jinya da takardar gayyata daga asibitin, tafiyar ta fi nisa, kuma turanci ake yi. Mu ba mu nemi biza ba da za mu shiga Tunisiya. Akwai kuma cibiyar Salam ta Khartum da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana aikin zuciya kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa ba wanda zai ce ka nufi can da mara lafiya. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka bincika a ma'aikatar lafiya yadda ake shigar da takardun neman a ɗauki nauyin fitar da majinyaci, ko da abin yana cin lokaci.

In ka ga likitan, ka dawo ka faɗa mana ko ƙuntata ce ko yoyo, da wa'adin da ya ce za ta iya jira. Kafin nan ta ci gaba da shan magungunan da ya rubuta mata, ta rage gishiri da maggi, kuma ku yi maganar tsarin iyali da shi don kada ciki ya shiga kafin aikin. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunta.