Sai na kalli Alien kafin Prometheus?

Ɗan uwa, tambayarka biyu ce: ko dole ne ka fara da Alien na 1979, da kuma ko akwai gaskiya a batun asalin ɗan Adam da fim ɗin Prometheus ya kawo.

Ba dole ba ne. Ridley Scott ne ya shirya duka biyun, Prometheus ya fito a 2012 amma labarinsa ya riga na Alien faruwa, jirgin sama jannatin masu binciken da ke cikin Prometheus ya isa inda ya nufa ne a 2093. Ni dai na fi so ka fara da tsohon, don sai ka san dodon nan na cikin Alien tukuna za ka gane dalilin da ƙarshen Prometheus yake tada tsigar jiki. Daga nan ka bi da Alien: Covenant na 2017, ci gaban labarin Prometheus.

Inda mutane ke rikicewa sosai shi ne wurin da suka sauka a Prometheus, wata duniya ce da ake kira LV-223, ba LV-426 na cikin Alien ba, shi ya sa wasu ke ta cewa labarin bai haɗu ba. Kuma ka sa ido a kan David, mutum-mutumin nan da Michael Fassbender ya fito a matsayinsa, wallahi shi ne ƙashin bayan fim ɗin, abin da mutane suka ƙera yana kallonsu suna neman wanda ya ƙera su.

Maganar Injiniyoyi, baƙin halittun nan na wata duniya a cikin Prometheus, da wai suka shuka ƙwayar halittarmu a ruwa kuwa ƙagaggen labari ne kawai, babu binciken kimiyya da ya ce haka. In abin ya tsaya maka a rai ta fuskar aƙida ka zauna da malami, ɓangaren kimiyya kuma ka nemi malamin bayoloji.

Kar ka kalli Prometheus da yara, akwai wurin tiyata mai jini sosai.