Kogi Ya Sauya Hanya, Gonar Wa Ke Nan?

Wani mai karatu ya rubuto cewa kogi ne iyakar gonarsa ta gado da ta maƙwabcinsa. A damunar bana ambaliya ta zo cikin dare ɗaya, ruwa ya yanke ta tsakiyar gonar, wani yanki har da itatuwan da mahaifinsa ya dasa ya koma tsallake. Maƙwabcin ya ce tunda kogi ne iyaka, duk abin da ke gefensa nasa ne, har ya fara shiga da garma.

Malam, Allah ya mayar da alheri. A ganina maƙwabcinka ya yi gaggawa, domin tambayar da shari'a take fara yi ita ce yadda kogin ya matsa. Idan a hankali yake cin gaɓa ɗaya yana tara laka da rairayi a ɗaya, shekara da shekaru, ta yadda ido ba ya ganin motsinsa, to a tsarin shari'ar ƙasashe da yawa iyaka takan bi ruwa: wanda aka ƙara wa ya samu, wanda aka zaizaye wa ya yi haƙuri. Amma idan farat ɗaya ya ɓalle ya bar tsohuwar hanyarsa, iyaka tana nan inda take, a tsakiyar tsohon kwarin, ko da ya bushe ƙurmus.

Manyan gwamnatoci ma sun sha wannan rigimar. A 1877 kogin Missouri na Amurka ya yanke wata lanƙwasa kusa da birnin Omaha, jihohin Nebraska da Iowa suka kai ƙara, a 1892 Kotun Ƙoli ta ce iyaka ba ta motsa ba. Shi ya sa har yau garin Carter Lake na Iowa ne, alhali yana tsallaken kogi ta ɓangaren Nebraska. Haka Kotun Duniya, a shari'ar Nijar da Benin ta 2005, wajen tsayar da iyakarsu a kogin Neja, ta koma ga inda zurfin babbar hanyar jiragen ruwa yake a 1960, ta ba Nijar tsibirin Lete.

Sai dai ka fara duba takardarka. Idan ta ƙayyade gonar da awo da turakun safiyo, to su ne abin dogaro, ruwa ya bi inda ya ga dama. Idan kuwa kogin kawai ta ambata, nauyin tabbatar da cewa dare ɗaya abin ya faru yana wuyanka. Itatuwan nan na mahaifinka manyan shaidu ne, domin ƙasar da laka ta tara jiya ba ta zuwa da tsohuwar bishiya tsaye da saiwarta. Ka ɗauki hotonsu da na tsohon kwarin kafin ciyawa ta rufe shi, ka nemo hotunan tauraron ɗan'adam na kafin ambaliyar, ka kawo mai safiyo, sannan dattawan da suka san wurin su ba da bayani a rubuce.

Kada ka tare shi da ƙarfi, wannan zai mayar da kai abin tuhuma. Ka nemi sulhu a gaban shaidu tukuna, a rubuta abin da aka cimma. In ya ƙi, lauyanka ya nemi kotu ta dakatar da shi daga noman wurin har a gama shari'a. Kuma kada ka bari abin ya kwana biyu, domin a wurare da yawa ƙarar fili tana da wa'adi, kuma duk damunar da ya noma kana shiru, hujja ce zai kawo a kanka.