Ga mai tambaya kan ɗibar ruwan ƙashin baya

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce za a ɗebi ruwan ƙashin bayanki, kina tambaya ko da zafi, kuma an tsorata ki cewa ƙafafu na shanyewa. Ni ma an yi mini, lokacin da likitoci ke zargin sanƙarau ce ke damuna.

Maganar shanyewa ita ta hana ni barci a daren, sai da likita ya yi mini bayani. Laka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, a jikin babba tana ƙarewa ne a saman ƙugu, su kuma can ƙasa da nan suke sa allurar, tsakanin ƙashi na 3 da na 4, ko na 4 da na 5 na tsatso. Ba sa kaiwa gare ta.

Za ki kwanta a gefe, ki naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, haɓa a ƙasa. Abin da za ki fara ji shi ne sanyin maganin da ake goge baya da shi. Sai allurar kashe zafi, ita ce mai raɗaɗi, kamar harbin zuma, amma nan da nan ya wuce. Babbar allurar kuwa ban ji ta a matsayin zafi ba, ji na yi kamar ana danna min babban yatsa da ƙarfi cikin baya. Sau ɗaya wani abu kamar lantarki ya zarce ƙafata ta hagu. Na firgita ƙwarai. Ashe jijiya allurar ta ɗan taɓa. In kin ji haka, ki faɗa da baki, kada ki zabura, zai gyara.

Ruwan fari ne tas, yana ɗiga a hankali. Kaɗan suke ɗiba, jiki kuwa yana samar da kusan mililita 500 kullum.

Abin da ya fi wahalar da ni ciwon kai ne da ya zo washegari. In na tashi zaune kamar kan zai tsage, ina kwanciya sai ya lafa. Kwana huɗu na yi haka. Ba kowa yake samu ba, amma in ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ki koma asibiti. In ciwon kan ne ya ƙi tafiya, akwai yadda suke toshe hujin da allurar ta bari da ɗan jininki.

Don Allah, in kina shan maganin tsinka jini irin warfarin, ki gaya musu tun kafin ranar.