Tambayoyin matashin likita sun yi yawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mun kai mahaifiyarmu asibiti da kumburin ƙafa da haki. Wani matashin likita ya zaunar da mu yana ta tambaya yana rubutawa a folda, har da yawan haihuwarta da ciwon da ya yi ajalin mahaifinta. Anya ba ɓata lokaci ba ne? Daga wata mai karatu, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Da alama wanda kuka gani yana cikin horon wata 12 da sabon likita ke yi bayan kammala karatu: wata uku-uku a sashen manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Shi ke fara ɗaukar tarihin majiyyaci, a kan rubutunsa kuma babban likita ke ɗora shawara a zagayen safe.

Kumburin ƙafa da haki kan fito daga zuciya, ƙoda, hanta ko ƙarancin jini, tambaya ce ke fara rarrabe su. Idan sai ta tada matashin kai biyu ko uku take iya barci, ko haki na tashinta tsakar dare, hankali ya koma kan zuciya. Idan fitsari ya ragu ko yana kumfa, fuska na kumbura da safe, ƙoda za a duba. Hawan jini da ciwon suga kuwa suna bin dangi, shi ya sa aka taɓo mahaifinta.

Mu dai gaggawa muke tsoro, ba yawan tambaya ba. Inda rubutun sabbin likitoci ya fi rauni shi ne magani. Sai ka ga "tana shan maganin hawan jini", babu suna, babu yawa, babu ranar da ta daina. Sukan manta da rubuta jiƙo da sassaƙe, su manta da diclofenac, maganin rage ciwo da ake saya a kemis, alhali yana tara ruwa a jiki yana taɓa ƙoda. Idan Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya taɓa fito mata da ƙuraje ba a rubuta ba, likitan dare na iya sake ba ta. Ko amsar "babu" ce, rubuta ta ake yi, tare da kwanan wata, lokaci da sa hannu.

Ku riƙa zuwa da kwalayen magungunanta duka a leda, da tsohon kati da sakamakon gwaji. In aka zo tambayoyin mata, 'ya'ya maza da surukai su ɗan fita, don kunya kan hana ta faɗin gaskiyar abin da ke damunta.