Amsa ga Mai Tambaya Kan Masu Ƙin Fita Zaɓe

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa wasu ba ruwansu da siyasa, har ranar zaɓe ta zo ta wuce ba su kaɗa ƙuri'a ba. Ni malamin makaranta ne a Gusau, kuma sau biyu ina aikin wucin gadi a rumfar zaɓe, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

A ganina, yawancin waɗanda ake kira 'yan ba-ruwanmu sun taɓa damuwa da lamarin, gajiya suka yi. Ka tuna 2019 a nan Zamfara, lokacin da jama'a suka wuni a layi suka zaɓi APC tun daga gwamna har 'yan majalisa, sai ga shi a watan Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar baki ɗaya saboda ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, kujerar gwamna ta koma hannun Bello Matawalle na PDP. Hukuncin bisa doka yake, amma da wane baki za ka fahimtar da dattijon da rana ta ƙare a kansa? Wani maƙwabcina mai sayar da hatsi ya rantse mini cewa daga ranar katinsa na zaɓe ba shi da sauran amfani sai nunawa a banki.

Ga kuma rashin tsaro. Na san wata gyatuma daga wajen Maru wadda katinta ke ƙulle a bakin zanenta, amma rumfarta tana ƙauyen da 'yan bindiga suka tashe su. Ana iya sauya rumfa, gaskiya ne, sai dai mai neman abin da jikoki za su ci da dare ba ta wannan yake yi ba. A 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya ƙara dagula al'amari, kuɗin mota ma ya gagari mutane, kuma cikin sama da mutum miliyan 93 da suka yi rajista a Najeriya, kimanin kashi 27 cikin ɗari kaɗai suka fita zaɓen shugaban ƙasa.

Waɗanda ban yi wa uzuri ba su ne samarin da ke kwana musun siyasa a Facebook alhali ko rajista ba su yi ba.

Da Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci a 2023, na koma wurin maƙwabcin nan nawa na ce masa ga shi dai ƙuri'a ta yi aiki. Bai ɗago kai daga mudun da yake awo ba, ya ce mini in bari tukuna a gama zuwa kotu.